Garken Injiniya Arzika

Duk wanda ya shigo Tawa bai ji sunan Injiniya Arzika ba, to kunnensa ne ke da ciwo, don Injiniya bai taɓa gajiya da faɗinsa ba. Allah ya yi wa ƙasar Adar baiwar albasa da cuku da 'yan kokowa, sannan ya cika mata ni'ima da wannan bawan nasa, masanin kwamfuta, rijiya gaba dubu, wanda ya taɓa yin kwana tara a Dakar. Kwana taran nan suna da albarka. Shekarar da ya dawo suka zama wata uku. Da ya yi aure suka kai shekara. Yanzu kuwa in ya sami baƙo mai haƙuri sai ya ce, "Zamanin da nake zaune a Dakar," ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya baro gidaje da gonaki a can.

Mutum ne mai kiyaye martaba. Ko rana na narka kwalta ba ya rabuwa da kwat. Wayoyinsa uku ne, biyu suna aiki, ta ukun ta ado ce. Kullum ɗan kabu-kabu ke kawo shi aiki, amma a bayan masallaci yake sauka, ya karkaɗe wando, ya ƙarasa da ƙafa yana kaɗa makullai, don kada jama'a su ɗauka injiniya babba ba shi da mota. Makullan na ɗakinsa ne da na akwatinsa.

Wurin aikin ɗan kamfani ne a saman bene, bisa shagon mai sayar da injinan ban-ruwa, kan hanyar kasuwa. Mai kamfanin ita ce Hajiya Raƙiya, tsohuwar malamar lissafi, wadda shekara ashirin a gaban allo suka koya mata sauraren shirme ba tare da fuskarta ta motsa ba. Abin da suke haɗawa manhaja ce ta makiyaya mai suna Sandar Kiwo. Tana gaya wa makiyayi ranar allurar rigakafi da rijiyar da ke da ruwa, tana kuma gaya wa motar likitan dabbobi garken da za ta fara zuwa. An raba aikin manhajar uku. Ɓangaren rijiyoyi na hannun Hashimu, mutumin da ba ya magana sai shayi ya kai kofi na uku. Ɓangaren saƙonni na hannun Sauda, wadda ta fito jami'a shekara biyu da suka wuce, ga ta da mugun halin nan na yin tambaya. Ɓangaren dabbobi kuwa, kan uwa uba, na Injiniya ne.

Masu wannan sana'a suna da ka'ida. Kafin a damƙa wa manhaja dabbobin mutane, sai an gwada ta da dabbobin ƙarya, kamar yadda tela ke gwada keke a kan tsumma kafin ya taɓa shaddar ango. A rubuta shanu da awaki da ba su taɓa cin ciyawa ba, har a cusa waɗanda hankali ba zai ɗauka ba, don a ga ko manhajar za ta gane. In ta ci gwajin, allon kwamfuta ya nuna kore. In ta faɗi, ya nuna ja.

To, Injiniya ya rubuta nasa garken gwajin, kuma gaskiya ɗaya ce, ya yi kyau. Sati uku ya ɗauke shi. Daga nan bai ƙara rubuta wani abin kirki ba, sai gadi. Kaza mai ƙwai ɗaya ta fi kowa kuka a gida.

Ran wata Talata Sauda ta jawo kujera kusa da teburinsa.

"Injiniya, ina son gwada saƙonnin allura, ba ni da dabbobin da zan gwada a kansu. Hashimu ma haka yake fama. Me zai hana mu fitar da garken nan naka daga ɓangarenka, mu yi masa rumbu guda na kayan gwaji kaɗai? Kowa in zai gwada ya ɗiba daga nan. In ka gyara sau ɗaya, ya gyaru wa kowa."

Injiniya ya cire tabarau, ya hura masa iska, ya goge da bakin kwat. Dama ce ta jawabi ta faɗo, shi kuwa bai taɓa barin irinta ta wuce ba.

"Ƙanwata," in ji shi, "ban ga laifinki ba, ƙuruciya ce. Garken nan da kike gani ba tuwon sadaka ba ne da kowa zai tsoma hannu. Arshitektir ke nan. Metodoloji ke nan. Kowace saniya a ciki sai da na yi mata tunani. Ki ce in zuba su a rumbu, gobe Hashimu ya taɓa, jibi ke ki taɓa, gata a nemi wanda ya yi aikin a rasa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

Sauda ta ce ita ba ta hau komai ba, gwaji kawai take son yi.

Sai ya yi sassauci irin na manya. Ya kafa doka: mai son garke ya rubuto takarda, a sa ranar wata, a sa hannu. Ran Alhamis bayan la'asar zai kwafe masa a kile, ɗan ƙarfen nan da ake cusa wa kwamfuta a ɗebi rubutu. Haka aka yi. Garke ɗaya ya zama uku, kowa da nasa a ɗakinsa.

Matsalar kwafi ita ce ba ya jin labarin uwarsa. Injiniya kan tashi da safe ya ji ilhama ta sauko masa, ya ƙara raƙuma a nasa garken, ko ya mai da shekarun dabbobi watanni, bai gaya wa kowa ba. In aka zo haɗa ɓangarori uku su zama manhaja ɗaya, sai allon Sauda ya yi ja, na Hashimu ya yi ja, nasa ya tsaya kore shar kamar gonar albasa a fadama. Lokacin ne yake jin daɗin duniya. Ya goya hannu a baya, ya riƙa zagayawa bayan kujerunsu yana girgiza kai.

"Ja kuma? Allah ya kawo sauƙi. Ni har na manta kalarsa."

Hashimu ya yi kwana biyu cur yana neman kuskure a rijiyoyinsa, ya kwance ya ɗaura, ya kwance ya ɗaura, daga ƙarshe ya gano rijiyoyin lafiyarsu lau, akuyar da aka kwafe masa ce ta tsufa da sati shida. Ya kashe kwamfuta, ya sauka ƙasa ya zauna wajen mai injinan ban-ruwa har azahar.

Hajiya Raƙiya tana gani tana haƙuri, har aka zo saura sati biyu ranar allura a Barmu, ranar da ƙungiyar makiyaya za ta fara aiki da manhajar a fili. Ta kira Injiniya.

"Arzika."

Ita kaɗai ce ke kiransa haka tsirara, ba Injiniya, kuma kullum sai ya ji kamar an cire masa hula.

"Ka saki garken nan kafin Alhamis. Wuri ɗaya, kowa ya ɗiba. Na gama."

Ya koma teburinsa yana tafasa. Amma babban mutum ko faɗuwa zai yi, sai ya zaɓi inda za a gan shi. Ya yi tunani ya ce, in dai dole ne a raba, to a raba da daraja. A kai aikinsa rumbun gwaji, can lungu inda ba mai leƙawa? Ai kamar a zaunar da babban baƙo bakin ƙofa wajen takalma ne. Sai ya ɗauki garken ɗungurungum ya dasa shi a tsakiyar manhajar, a cikin gangar jikin da kowane ɓangare ke ɗiba daga gare ta, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a sama.

Sauda ta gani ta taso.

"Injiniya, nan fa shi ne abin da ke tafiya wayoyin mutane. In garken ya bi su fa?"

"Na yi masa maɓalli," in ji shi, bai ko ɗaga kai ba. "In na kunna ya fito, in na kashe ya kwanta. Ranar aiki zan kashe da hannuna. Ke dai ki kula da saƙonninki."

Ta so ta kai maganar gaban Hajiya, amma allon kowa ya yi kore a karon farko cikin wata huɗu, ga lokaci ya ƙure. Ta rubuta a takarda ta manna a gefen kwamfutarsa: a tuna da maɓalli. Ya cire takardar ya goge bakin kofi da ita.

Kwanakin da suka rage Injiniya ya yi su cikin aiki tuƙuru. Ya kai kwat wajen mai guga sau biyu. Ya rubuta jawabi shafi bakwai, ya karanta wa madubi, ya karanta wa matarsa har ta tuna tana da tukunya a wuta. Mutumin da ke ɗauke da irin wannan nauyi ba za a ce ya tuna da ɗan maɓalli ba.

Ranar ta zo. Tun da sanyin safiya makiyaya suka cika filin da ke bayan kasuwar Barmu, Hausawa da Buzaye, kowa da abin da Allah ya ba shi, mai shanu goma, mai tumaki talatin, mai 'yan awaki biyar da jaki. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗaura lasifika a jikin gawo. Shugaban ƙungiyar, wani dattijon Buzu mai suna Attaher, yana zaune a gaba, rawani ya rufe komai sai idanu. Abu ɗaya ya rage, motar likita Zubairu. Ta bar Tawa tun asuba da akwatin ƙanƙara cike da allura, tana bin inda manhaja ta ce, ita kuwa manhaja ka'idarta a fara da garke mafi girma.

Ƙarfe takwas ba mota. Injiniya bai damu ba, ya ga fili ne Allah ya buɗe masa. Ya karɓi lasifika ya fara daga tarihin kwamfuta, ya bi ta kan wahalar da masana ke sha, ya sauko kan kansa ya daɗe a nan. Shanu suka yi ta kuka, ya ɗauka amshi ne. Wajen ƙarfe tara ya kai shafi na bakwai, ya ɗaga yatsa sama.

"Yanzu, 'yan uwa, za ku ji da kunnenku. Na'ura da kanta za ta karanto jerin garken da za a yi wa allura yau, daga babba zuwa ƙarami. Ba son kai, ba kuskure!"

Ya danna. Muryar manhaja ta fito daga jikin gawo, a natse, ba gaggawa.

"Garke na ɗaya. Wuri, Takanamat. Mai shi, Alhaji Injiniya Arzika. Shanu ɗari tara da casa'in da tara. Raƙuma ɗari huɗu."

Kowane garke sai da mai shi, ko da na ƙarya ne. Ranar da Injiniya yake rubuta nasa, ya duba duniya bai ga wanda ya cancanci dukiya haka ba sai shi, har ya ƙara wa kansa aikin hajji kyauta.

Sannan aka ɗauka daga baya zuwa gaba, "Masha Allahu! Tabarakallah!" Makiyayi ba ya faɗin yawan dabbobinsa ko ga ɗan'uwansa, don tsoron baki, ga wani an shelanta nasa a lasifika. Mutane suka riƙa miƙa wuya su ga wannan attajiri da ke yawo ba ko sanda.

A nan ne fa Injiniya ya sami damar ya ce kuskure ne. Ya riga ya tuna maɓalli sarai. Amma idanu wajen ɗari uku ne a kansa, cike da girmamawar da ya yi shekara goma yana nema a saman bene bai samu ba. Sai ya sunkuyar da kai kaɗan, ya dafa ƙirji, ya ɗaga hannu ɗaya irin na mai cewa ai duk na Allah ne.

Muryar ba ta gama ba.

"Akuya ɗaya, shekararta ɗari da goma sha huɗu. Bijimi ɗaya, yana da ciki wata bakwai."

Wata mai fura ce ta fara fashewa, daga nan fili ya ɗauka. Tsofaffi suna dariya cikin rawani, kafaɗu kaɗai ke rawa. Attaher bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali, ya dogara sanda, ya yi magana cikin ladabin da ya fi mari zafi.

"Alhaji, Allah shi ƙara albarka. Shekara sittin ina kiwo tsakanin Barmu da Takanamat, ban taɓa gamuwa da sawun garken ga ba. A wace rijiya ake shayar da su?" Ya ɗan dakata. "Bijimin kuwa, in ya sauka lafiya, ina kamun ɗan."

Kafin Injiniya ya haɗa amsa wayar Hajiya ta yi ƙara. Zubairu ne, muryarsa har rumfa ana ji. Awa biyu ke nan yana zagaye a dajin Takanamat. Ya isa daidai inda manhaja ta nuna, bai tarar da komai ba sai aduwa ɗaya da wani jaki, shi ma jakin da mai shi. Ƙanƙara ta fara narkewa. In ta wuce azahar, allurar ta zama ruwa, sai a zubar.

Dariya ta tsaya. Dabbobi tun asuba suke tsaye ba ruwa, rana ta fara cizo, wasu sun yi tafiyar kwana guda kafin su iso. Daga gefe aka fara jin masu kora suna kiran shanunsu. In suka watse, ba mai tara su kuma sai wata shekara, ciwon huhu kuwa ba ya jiran taro.

Hajiya Raƙiya ta ce wa Zubairu ya juyo ya taka mota. Ta shiga cikin makiyaya da kanta, tana bin dattawa ɗaya ɗaya tana ba da haƙuri, ta sa aka kawo fura, Attaher kuma ya sa aka riƙa kai dabbobi rijiyar gari kashi kashi suna dawowa. Sauda ta zauna a benci, kwamfuta a cinya, Hashimu na riƙe da waya sama yana farautar layi. Ta tumɓuke garken daga tsakiyar manhajar, ta buɗe masa rumbun gwaji, ta nuna wa ɓangarori uku hanyar zuwa can, ta sake haɗawa. Kore, kore, kore. Minti ashirin abin ya ɗauka, har da lokacin da layi ya gudu ya dawo. Jerin gaskiya ya fito, garke na ɗaya na wani Abdurazak ne, shanu arba'in da ɗaya, yana nan tsaye gaban rumfa tun safe.

Duk wannan bidiri Injiniya yana cikin motar Hajiya, gilashi a rufe, yana nazari.

Zubairu ya iso ana kiran azahar, ƙura har gira, da sauran ƙanƙara a gindin akwati. Aka yi ta allura har yamma. Yawanci sun samu. Wasu gidaje bakwai da suka riga suka kora, sai da Hajiya da Zubairu suka bi su ruga ruga a satin da ya biyo.

Kowa ya ɗauka ran Litinin Injiniya zai kwanta ciwo. Waɗanda suka ɗauka haka ba su san gwano ba, ba ya jin warin jikinsa. Ƙarfe takwas ya hawo bene da kwat sabon guga. Da aka zauna taron safe, kafin Hajiya ta buɗe baki ya miƙe.

"Hajiya, 'yan uwa, abin da ya faru a Barmu darasi ne, kuma na ji daɗi da kuka ɗauke shi. Da gangan na bar abin ya kai inda ya kai. Wani ilimin ba ya shiga sai an gani da ido. Na daɗe ina faɗa a gidan nan, kayan gwaji wuri ɗaya ake tara su, nesa da kayan aiki, kowa ya ɗiba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka! Ƙanwata Sauda ta yi ƙoƙari wajen aiwatar da abin da na tsara, kuma ina so a rubuta cewa na yaba mata."

Sauda ta ci gaba da danne-dannenta. Hashimu ya kalli kofinsa, na farko ne, don haka bai ce komai ba. Injiniya ya ja numfashi zai shiga kashi na biyu, sai aka ji sallama daga matakala, da takun mai hawa yana hutawa.

Wata tsohuwa ce ta shigo, ƙatuwar ƙwarya a ka an rufe da faifai. Gwaggo Habi ce, ƙanwar mahaifinsa, tun daga Afala. Labarin garke ya riga ya bi kasuwanni ya isa can, ya bar akuya da bijimi a hanya, ya isa da shanu kaɗai.

Ta sauke ƙwaryar a kan teburinsa, daidai kan takardun jawabi, ta gaida Hajiya, ta juyo.

"Arzika, ashe haka Allah ya yi da kai, ka ɓoye muna? To ba komi, ɓoyo shi ne maganin baki. Ni ban zaka roƙon saniya ba, ɗan nan. Nono kaɗai ni ka so, in kai ma jikoki."

Injiniya ya dubi Hajiya. Hajiya ta gyara zama kamar mai jiran ɗalibi ya fito allo.

"Gwaggo," ya ce ƙasa ƙasa, "shanun nan, wato, a cikin na'urar nan suke."

Tsohuwa ta leƙa kwamfutar ta gaba, ta leƙa ta baya.

"To a tatso mana."

Arshitektir ta ƙi zuwa, metodoloji ta ƙi zuwa. Ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ya sauka bene da kwat ɗinsa, ya ratsa titi zuwa shagon kayan shayi. Daga taga ana hangen sa a tsugune bayan shago, yana dama madarar gari da ruwan leda, yana waige waige.

Ya hawo da ita cike, ya durƙusa ya miƙa. Gwaggo Habi ta yi bisimilla, ta kurɓa, ta juya a baki, ta haɗiye. Ta mai da faifai ta rufe.

"Allah shi yi albarka. Amma ɗan nan, ka riƙa sakin su suna shiga cikin 'yan uwansu. Dabbar da aka kulle ita kaɗai, nononta warin gwangwani shikai."